Ranar da kututture ya huda mini kwanon baƙin mai a fadamar Guri

Ƙarar ba ta yi wani ƙarfi ba. Ƙwam ɗaya ce daga ƙarƙashin mota, irin wadda direban daji ke ji sau goma a yini bai ko waiwaya ba. Da ni kaɗai ne da na wuce abina. Ɗan yayata ne, wanda yake mini yaron mota, yana zaune a baya kan buhunan shanshera, ya dinga dukan rufin mota da tafin hannu yana ihu: "Kawu tsaya! Kawu tsaya, mai muke zubarwa!"

Watan Disamba ne na 2022, shekarar da ambaliya ta cinye gonaki a Jigawa. Ruwa ya fara janyewa, waɗanda shinkafarsu ta tsira sun yanke sun buge, mu kuma muna bin ƙauyuka muna saye wa maigidana, wani ɗan kasuwa a Hadeja. Motar Hilux ce mai shan fetur, mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja. Wanda ya san bayan Guri ya san inda hanya take ƙarewa, daga nan sai sawun amalanke da na babur, yau ka bi ta nan, gobe ka tarar ruwa ya tare ka sake wata. Ƙasar duk rassan kogi ne. Ruwan Hadeja da na Jama'are suna rarrabuwa suna haɗuwa a wannan shimfiɗaɗɗiyar fadama har Nguru da Gashuwa, abin da ya rage ya bi kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Duk inda ka tsaya, in ba ka ga ruwa a gabanka ba, to yana ƙarƙashin ƙafarka ba nisa.

Na taka birki na murɗe makulli tun kafin in buɗe ƙofa. Wannan kam na yi daidai, amma ba don tausayin ƙasa ba, don tsoron inji ne. Injin da ya yi gudu babu mai minti kaɗan ya ishe shi ya yi nokin, kuma ni zan amsa tambaya a gaban Alhaji. Da na durƙusa na leƙa, sai ga baƙin mai yana zuba tsiriri kamar an buɗe bakin buta. Man da ke cikin galan yana da kauri, shi ya sa mutum yake zaton in ya zuba a hankali zai zuba. Wanda ya yi awa uku yana zagaya inji mai zafi ba haka yake ba, tsinkakke ne kamar shayi. Hujin bai fi kaurin biro ba, a gefen kwanon ƙasan inji, wanda bakanikai ke kira botom filet. Abin da ya huda shi yana nan bayanmu taku goma sha biyar, a ɓoye cikin ciyawa: kututturen bagaruwa da aka sare a karkace, bakinsa kamar mashi.

A nan dole in faɗi laifina. Motar tana da garkuwar ƙarfe a ƙasa wadda aka yi ta don irin wannan rana. Makonni biyu kafin tafiyar, da muka je juyen mai, aka kwance ta, ƙusoshi biyu suka karye saboda tsatsa. Na ga an jingine ta a bango, na ce a bari in na dawo a ɗaura. Ina gaggawa ne.

Abu na farko da hannuna ya kai gare shi ita ce robar da muke jiƙa gari a ciki. Na watsar da ɗan ruwan da ke ciki na tura ta ƙarƙashin hujin. Sannan na tuna dabarar da kowane tsohon direba ya sani, na ɗauko sabulun wanki na danna a wurin. Sabulu yana toshe tankin fetur don fetur ba ya narkar da shi, na sha yin haka ya kai ni gida. A jikin kwano mai zafi mai santsi kuwa ko minti ɗaya bai yi ba ya sulluɓe ya faɗa cikin roba, man ya ƙone mini bayan hannu. Sai na karyo reshe, na fiƙe shi da wuƙa, na naɗa masa tsumma, na buga shi a hankali cikin hujin da gindin sifana. Zubar ta koma ɗiga. Injin yana cin lita biyar da ɗoriya. Da na duba abin da ke cikin roba da abin da na ƙiyasta ya rage a kwano, na san wajen lita biyu sun tafi ƙasa.

Lita biyu ba komai ba ne a idon direba. A garejinmu ana zubar da fiye da haka kafin azahar. Sai da na miƙe na bi sawun man da ido gabana ya faɗi. Wurin da muka tsaya gangare ne zuwa mashigi, tsakaninmu da ruwa bai fi taku goma ba. Mafi yawan man ya taru a ƙarƙashin mota, amma layin da ya zuba tun daga kututturen ya ratsa ta cikin sawun tayar amalanke, kuma a cikin sawun akwai ɗan ruwa da ke tsiyaya yana gangarawa mashigin. Man ya hau kan ruwan ya bi shi. A ƙasan mashigin, inda ya buɗe, ga koma an shanya, ga mata biyu suna ɗiban ruwa, ga garken shanu yana tahowa daga tsallake.

Na ce wa yaron ya ɗauko shebur ya yi mini kunya a ƙasan motar, kamar wadda ake yi a gona, ya lanƙwasa ta ta rungume wurin, ya kuma datse sawun tayar da laka. Da na san abin da na sani yanzu, da shi zan fara sa wa wannan aikin tun ina neman roba, maimakon ya tsaya a kaina yana miƙo mini sabulu. Minti uku ɗin da muka ɓata su ne suka kai man cikin ruwa.

A kan ruwan har ya baje. Ba baƙi ba ne kamar yadda mutum zai zata, launi ne irin na bakan gizo, ja da kore da shuɗi suna murɗawa, faɗinsa ya kai tabarma uku yana ƙaruwa. Yaron ya ruga mota ya dawo da ƙullin omo. Ya ce, "Kawu in barbaɗa? Yanzun nan zai ɓace." Ni ma abin da ke raina ke nan, don na sha ganin masu wankin mota suna yi.

Wani dattijo ne ya hana. Tun ɗazu yana cikin kwalekwalensa a bakin ciyawar kacalla yana kallonmu bai ce uffan ba. Ya turo jirgin ya matso, ya yi mana sannu, sannan ya dubi ƙullin omon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɓoye shi za ka yi ko cire shi?"

Na ce, "Baba, in an zuba ai wankewa yake yi."

Ya ce, "Ya wanke ya tafi ina? Ruwan nan ba shi da rariya. A nan muke sha."

Gaskiyarsa. Omo ba ya kashe mai, farfasa shi yake yi ya zama ƙananan ɗigo su gauraya da ruwa. Ido ya daina gani, shi ke nan, amma da yana sama inda za a iya kwashe shi, yanzu ya shiga inda kifi ke shaƙa, ga kuma gubar omon kanta an ƙara. Muddin mai yana yawo a saman ruwa, da sauran dabara.

Dabarar kuwa a wurinsa na gan ta. Ya ƙwala wa matan kira da yarensu su koma sama da mashigin su ɗiba, ya aiki wani yaro ya tare makiyayin ya karkata shanun. Ya sa aka kwaso karan shinkafa da aka gama bugu daga wata gona kusa, muka ɗaure shi dami-dami siriri da igiyar kaya, muka haɗa su baki da baki. Ya ja layin da kwalekwale ya zagaye man ta ƙasa, ya kafe bakin biyu da sanduna. Rabin damin a cikin ruwa, rabi a sama. Ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi, man yana zuwa ya tsaya a jikin kara.

Sannan ya shiga cikin kacalla ya kakkaryo kawunanta. Kacalla ita ce ciyawar da kowa ke tsine wa a fadamar nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, wuraren da suke bushewa da rani suka koma ruwa na kwanciya a cikinsu, ita kuma abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Ban taɓa jin wanda ya ambace ta da alheri ba. Kanta kamar zangarniyar gero yake, ruwan ƙasa-ƙasa, in ya bushe ka murza sai ya fashe ya zama kamar auduga. Dattijon ya murza guda biyar-shida a kan ruwan. Audugar ba ta nutse ba, ba ta ma jiƙe ba, ta tsaya a sama tana yawo, amma duk inda ta taɓa man sai ta tsotse shi ta yi duhu ta dunƙule. Ya miƙo mini wata tsohuwar koma mai ƙananan ido ya ce in dinga kwashewa ina zubawa a leda. Muka yi ta yi, a barbaɗa, a jira, a kwashe. Audugar rimi ma haka take, tana ƙin ruwa tana son mai, wanda ke da tsohon matashin rimi a mota yana da abin aiki bai sani ba.

Mun kai awa guda a kan ruwan. Ba zan ce mun kwashe duka ba. Da muka gama, in ka karkata kai ta wajen rana kana iya hango ɗan ƙyalli a jikin karan. Dattijon ya ce a bar damin ya kwana, da safe a cire.

Aikin ƙasa ya fi cin ƙarfi. Wurin laka ce, irin wadda in ta fara bushewa take tsattsagewa. Inda take a dunƙule man bai shige ba, ya kwanta a sama, yatsa biyu ka kankare ka tarar da ƙasa mai kyau. Amma inda ya sami tsaga ya bi ta ya yi ƙasa. A daidai ƙarƙashin motar akwai wata tsaga da sai da na haƙa kamu guda kafin in ga ƙarshen baƙin. Da rairayi ne da abin ya fi muni, don shi shanyewa yake yi nan take ta ko'ina. Kafin mu fara haƙa sai da muka zuba busasshiyar ƙasa da ɓuntun shinkafa a kan wanda ya taru, muka cakuɗa da shebur har ya daina sheƙi, don in ka sa shebur a cikin ɗanyen mai ƙara yaɗa shi kake yi. Kuma daga gefe muka faro muna shigowa tsakiya.

Ta yaya mutum zai san ya haƙa ya isa? Ido yana yaudara, don laka mai danshi ita ma baƙa ce. Hanci ya fi, amma bayan awa biyu kana shaƙar mai hancin ma ya mutu. Abin da ya fisshe mu shi ne kwanon sha. A ɗebi ruwa mai kyau, a ɗauki ɗan dunƙulen ƙasa daga gindin ramin a jefa a ciki a motsa. In akwai sauran mai, take za ka ga bakan gizon nan ya taso. Muka yi ta gwadawa wuri-wuri, inda ya nuna mu ƙara kankara. Ruwan gwajin ma ba mu watsar ba, cikin buhun ƙasar muke juyewa. Muka tashi da rabin buhu huɗu, kowanne da leda a ciki, da ledar kacalla guda. Ramin muka cike shi da ƙasar tudu muka daddanne, kada ƙafar saniya ta faɗa.

Don mu samu haƙa ƙarƙashin motar sai da aka janye ta, kuma ba halin tayar da inji. Bulaman ƙauyen ya aiko da shanun huɗa biyu. Muka sauke rabin kayan, aka ɗaura igiya, yaron yana tafe a durƙushe yana riƙe da roba a ƙarƙashin hujin, har aka kai ta kan tudu nesa da ruwa. A can na shimfiɗa tamfol, muka tura motar kansa.

Gyaran kansa ba wuya, haƙuri yake so. Ina da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake haɗawa, amma ba ya kama wurin da ke da maiƙo ko kaɗan. Saboda haka na kwance noti na tsiyaye sauran man duka a roba, na zare reshen, na bar kwanon ya gama ɗiga har bayan la'asar. Na ɗaga motar da jak a kan katako, na tura tayar safaya a ƙarƙashi, don jak a kan ƙasar fadama ba abin amincewa ba ne. Na goge wurin da tsumma da fetur sau uku, na kankare da samfefa har ƙarfen ya yi fari, na sake gogewa. Na yanko ɗan falle daga gwangwanin madara, na shafa gam, na manna, na sake lulluɓe shi da wani gam ɗin har ya haura gefe-gefe. A jikin kwalin an rubuta mintuna kaɗan yake kamawa. Kamawa daban, ƙarfi daban, ga sanyin hunturu yana rage masa sauri. Na ce sai da safe.

A zauren Bulama muka kwana. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, ina ci ina tunanin daga wane ruwa aka kamo shi. Makiyayin da aka karkatar wa shanu ya zo bayan isha'i, ba da faɗa ba, tambaya ya zo yi: gobe zai iya shayarwa a wurin? Dattijon ya ce ya ƙara kwana biyu yana bi ta sama. Ni kuma na gaya masa abin da na sani, cewa baƙin mai shanu suna iya lasarsa ya cutar da su. Wani abin kuma da ya kamata ya ji tsoro shi ne ruwan lagireto mai launi, ja ko kore, wanda ake zuba wa motocin yanzu. Zaƙi gare shi, kare da akuya suna lasarsa da son ransu, kuma ƙoda yake kashewa. In ya ga mota ta tsaya tiyo ya fashe ruwa mai launi ya kwanta a ƙasa, ya nisanta dabbobinsa da yaransa har sai an kwashe wurin. Ya ce bai taɓa ji ba. Na tabbata rabin direbobin da ke zuba shi ma ba su taɓa ji ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Shekara goma sha tara ina tuƙi, sau nawa na yi juyen mai a daji na kwance noti na bar shi ya malale a gindin bishiya na tafi? Sau nawa na shiga da mota cikin kogi har gindin ƙofa na wanke inji da fetur da omo? Ban taɓa ganin kaina a mai ɓarna ba, saboda ban taɓa tsayawa na ga wanda zai sha ruwan ba. Masu ilimin muhalli suna cewa lita ɗaya ta tsohon baƙin mai tana iya ɓata lita miliyan ta ruwan sha. Da a rediyo na ji da sai in ce ƙari ne irin na 'yan boko. Amma na ga yadda abin da bai cika kofin shayi ba ya rufe tabarma uku na ruwa cikin minti biyar. Kuma wannan fadamar ba ta mutanen ƙauyen kaɗai ba ce. A irin wannan lokaci na hunturu tsuntsaye suke tahowa tun daga Turai su sauka a nan, shi ya sa aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya da ake karewa tun 2000, Baturiya ma ta shiga a 2008. Tsuntsun ruwa in mai ya taɓa gashinsa ruwa ya dinga ratsa shi ke nan, sanyi ya kashe shi.

Da asuba na ƙwanƙwasa gam ɗin da farce, ya yi tauri kamar dutse. Ina da galan ɗaya na sabon mai, lita huɗu. Na juye shi da mazurari, na tace wanda ke cikin roba da ƙyalle ninki biyu na cika har geji ya nuna daidai. Ba abin so ba ne mayar da man da ya sha iska da ƙura, amma zuwa Hadeja kawai nake so ya kai ni. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, na tayar da inji na bar shi minti goma. Kwali ya fito fari. Muka je muka ciro damin kara daga ruwa muka cusa a buhu. Na ari gatari da diga muka tone kututturen, ya ci mana kusan awa, yaron ya kai wa matar Bulama ta yi girki da shi. Na ɗebo kuɗi zan ba dattijon, ya ƙi karɓa, ya ce in dai bar masa igiyar.

Sai rigimar lodi. Shanshera tana ɗaukar wari, in warin mai ya kama buhu ɗaya an yi asararsa. Muka mayar da buhu biyu na shinkafa kujerar baya, buhunan ƙasar muka naɗe su cikin tamfol muka ɗaure a can bakin ƙofar baya. Duk rabin awa ina tsayawa in leƙa ƙasa.

Da muka isa, Alhaji ya zagaya motar, ya buɗe tamfol, ya dube ni ya ce, "Malam, shinkafa na aike ka ka kawo mini, ko ƙasa?" Na ba shi labari. Bai yaba ba bai kuma tsine ba, ya ce dai kwana ɗayan da na ɓata a kaina yake, kuɗin kwano kuma mu raba. Ban yi musu ba, don ni na bar garkuwa a jingine.

Abin da ban yi tunani ba tun a daji shi ne inda zan kai ƙasar. Kwashewa ashe rabin aiki ne. In na juye ta a bola, ruwan sama na farko zai wanke ta ya kai kwata, kwata ta kai kogin da na ɗebo ta daga bakinsa. In na ƙone, hayaƙin ya shiga ƙirjin unguwa. Bakanikena dariya ya yi ta yi, ya nuna mini ƙasar garejinsa da ta yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ya ce in zuba a nan ta sami 'yan'uwa. Wani malamin aikin gona da muke sallah tare ne ya ba ni shawarar da na bi. A bayan gidanmu akwai daɓen siminti da aka daina amfani da shi. Na kewaye shi da bulo, na baje ƙasar ba kauri, na haɗa ta da busasshen kashin shanu da karan nan da kacallar, ina yayyafa ruwa kaɗan ina juyawa da shebur duk Juma'a. Ya ce ƙwayoyin halittar da ke cikin taki suna cin mai in sun sami iska da danshi. Haka kuwa aka yi, kafin faɗuwar damina warin ya tafi, gwajin kwano ya daina nuna komai. Amma ya gargaɗe ni kada in kai ta gona ko in shuka abin ci a kanta, don tsohon mai yana ɗauke da gurɓataccen ƙarfen da inji ya ci, shi kuma ba abin da ke cinye shi. Da maƙwabcina zai yi daɓen shago sai muka zuba ta a cikon ƙasa aka malala siminti a kai. Man da na juye bayan mun dawo na zuba a jarka na ba masu sayen kwandem, wato tsohon baƙin mai. Na san wasu a masai suke zuba shi wai don sauro da wari, a gidan da rijiya take taku ashirin daga masan. Wanda na ba dai na tambaye shi, ya ce masu buga bulo yake kai wa suna shafa wa abin gini.

Yanzu shirin tafiya daji ya sauya mini. Daren tafiya ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, da safe in karanta shi. Baƙi daga gaba man inji ne. Ja mai santsi yawanci na sitiyari ne. Mai kauri mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai na giya ne ko na aksil. Wanda ya fito ta bayan taya, fari-fari mai cin fenti, man birki ne, shi kam ba maganar ƙasa ba ce kawai, maganar rai ce, motar ba ta fita. Ina matsa tiyon lagireto da hannu in ji ko ya yi laushi, in taɓa kilif-kilif, in girgiza batir in ga ko a ɗaure yake, don gargada tana kayar da batir ruwansa ya zube ya ci ƙarfe ya ci ƙasa. Saboda shi nake ajiye ƙullin kanwa, ita ko toka suna kashe kaifinsa. In zan juye fetur daga jarka ba na yi a bakin ruwa, sai na hau tudu, da mazurari, da tamfol a ƙasa. In na iso mashigi bayan doguwar tafiya ina ɗan jira ƙarfe ya huce, don aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa ko ta oyil sil, man ya koma kamar kunun gyaɗa, daga nan sil ya fara yoyo. Duk inda ciyawa ta rufe hanya kuma yaron yana sauka ya wuce gaba da sanda. Yana ƙunƙuni, amma yana yi.

A bayan kujera akwai buhu guda da ba a taɓa shi sai ta ɓaci: tamfol, ledoji masu kauri, tsummoki, garin katako rabin tiya-tiya a ƙulle, gam, samfefa, safar hannu ta roba, da tsohon matashin rimi da na ƙwace a wurin uwargida. An ɗaura garkuwar da sababbin ƙusoshi. Kwanon kuma da aka sa na Beljiyam aka cire tsohon, bakanike zai jefa shi cikin kayan gwangwan, na ce ya ba ni. Facin gwangwanin madarar yana nan bai ɗaga ba har yau. Shi nake turawa ƙarƙashin mota duk lokacin da zan kwance wani abu a daji, robar gari kuma mun sayi sabuwa.